Tafiyar Magani Daga Masana'anta Zuwa Hannun Majinyaci: Darasi Daga Hanyar Mubi

Mutane da yawa suna zaton idan magani ya fito daga kamfanin kirki, kuma ranar ƙarewar amfaninsa da aka buga a jikin kwali ba ta zo ba, to shi ke nan ingancinsa ya tabbata. Wannan zato kuskure ne, kuma ya jawo hasarar rayuka da dukiya a ƙasar nan. Ranar da aka buga a jikin kwali alkawari ne mai sharaɗi. Masu yin maganin cewa suke yi zai riƙe ƙarfinsa har zuwa ranar, muddin an ajiye shi an kuma yi jigilarsa kamar yadda suka umarta. Idan aka saɓa wa sharaɗin a kan hanya, to alkawarin ya warware, ko da kuwa kwalin yana nan fes kamar ran da aka yi shi.

Manufar wannan darasi ita ce a bayyana wa jama'a ƙa'idojin da Gwamnatin Tarayya da Hukumar Lafiya ta Duniya suka shimfiɗa game da ɗaukar magani daga wani wuri zuwa wani. Ƙa'idojin nan suna tsare magani daga abokan gaba iri biyu. Na farko shi ne yanayi, watau zafi da sanyi da danshi da hasken rana. Na biyu kuwa shi ne hannun ɗan Adam, mai sata da musanya da karkatar da kaya. An ɗauki garin Mubi na Jihar Adamawa don misali, amma abin da za a faɗa ya shafi Illela da Jibiya da Maigatari da kowane gari da yake nesa da bakin teku.

Dalilin zaɓen Mubi

Mubi tana arewacin Jihar Adamawa, a gindin duwatsun Mandara, a bakin kogin Yedzaram, daf da iyakar Nijeriya da Kamaru. Da can tana cikin yankin Kamaru ta Arewa da Ingila take riƙo, sai a 1961 mutanen yankin suka jefa ƙuri'a suka zaɓi shiga Nijeriya, Mubi ta zama hedkwatar Lardin Sardauna. Gari ne na ciniki. Kasuwar shanunta ta shahara har a Kamaru da Cadi, kuma inda shanu suke bi su shigo, nan kayan masarufi suke bi su fita, har da magani.

Fiye da rabin maganin da ake sha a Nijeriya daga waje ake kawo shi, galibi daga Indiya da Sin. Wanda ake yi a gida ma, yawancin masana'antunsa suna Legas da kewayenta. Saboda haka kwalin maganin da aka sauke a Mubi ya riga ya sha tafiya. Mai yiwuwa ya yi makonni a cikin jirgin ruwa, ya yi wasu kwanakin a tashar Apapa yana jiran kwastan, sa'an nan ya kama hanyar mota ta fiye da kilomita 1,400. Wani kayan ta Anacha yake biyowa, ya bi Makurɗi da Wukari da Jalingo da Numan ya iso Yola. Wani kuma daga Kano yake fitowa ya bi ta Gombe. Daga Yola akwai sauran tafiyar kimanin kilomita 200 ta Song da Gombi da Hong kafin a kai Mararrabar Mubi a karya kwana zuwa cikin gari. A Mubin ma tafiya ba ta ƙare ba, domin daga nan ne ake rarrabawa zuwa Maiha da Michika da Madagali da ƙauyukan kan dutse, inda wani wurin sai da babur, wani wurin sai a ƙafa.

A kowane zango kayan yana sauya hannu, kuma a kowane sauyin hannu akwai ƙofar ɓarna. Bugu da ƙari, a watannin Maris da Afrilu zafin wannan yanki yakan kusanci digiri 40 a ma'aunin Salsiyas, wani lokaci ya haura. Mutanen Mubi sun kuma ga yadda rashin zaman lafiya yake tsinke hanyar magani. A ƙarshen Oktoba 2014 'yan Boko Haram suka kama garin, jama'a suka watse, ma'aikatan asibiti suka gudu, aka karya gadoji a kan hanyar Michika da Madagali. An ƙwato garin cikin Nuwamba na wannan shekara, amma maido da sito da firji da ma'aikata ya ɗauki lokaci mai tsawo fiye da haka.

Abin da zafi yake yi wa magani

Magani haɗi ne na sinadarai, sinadarai kuwa suna rushewa sannu a hankali ko da an ajiye su a wuri mai kyau. Zafi yana gaggauta wannan rushewa. Masana kimiyya suna da wani ƙiyasi na kusa-kusa, cewa duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10, saurin lalacewar sinadari yakan ninka. Mai karatu ya duba kwalin maganin zazzaɓin cizon sauro ko na ciwon kai da yake gidansa, zai ga an rubuta a ajiye shi ƙasa da digiri 30, a wasu kuma ƙasa da 25. To, rufaffiyar motar ƙarfe da aka tsayar a rana tsaka cikin bazara, zafin cikinta yakan wuce digiri 50. Direban da ya ajiye motarsa a filin tasha tun hantsi har la'asar yana jiran cikon kaya, ya rage wa maganin kwanakinsa ba tare da ya taɓa ko kwali ɗaya ba.

Wata ɓarnar ana ganinta da ido. Kafso yakan manne da juna, man shafawa ya tsinke ya rabu, maganin matsi ya narke. Danshin damina yana sa garin gishiri da sukari na masu gudawa ya dunƙule, ƙwayar asfirin kuma ta riƙa warin tsami. Irin wannan da sauƙi, domin mai hankali zai gani ya ƙi saye. Mai haɗarin ita ce ɓarnar da ba ta da alama, kuma babban misalinta shi ne allurar oksitosin.

Wannan allura ita ce ungozomar asibiti take yi wa mace da zarar ta haihu, don mahaifa ta tsuke jini ya tsaya. Zubar jini bayan haihuwa yana kan gaba cikin abubuwan da suke kashe mata masu haihuwa a Nijeriya. Ana so a ajiye allurar a firji tsakanin digiri 2 da 8. Ruwa ne garai-garai a cikin 'yar kwalba, kuma haka zai ci gaba da zama garai-garai ko da zafi ya cinye ƙarfinsa. A wani bincike da aka yi tare da Hukumar NAFDAC, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2018, an tattara samfurin wannan allura daga sassan ƙasar nan aka auna, sai aka tarar kimanin kashi 74 cikin 100 bai cika ma'auni ba. Masu binciken sun ɗora babban ɓangaren laifin a kan rashin ajiye ta cikin sanyi. Wannan ne ya sa ake samun ma'aikatan da suke yi wa mace kwalba biyu ko uku inda ɗaya ya kamata ta isa, suna lalube a cikin duhu, alhali jini ba ya jira. A 2018 ɗin Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wata allura mai suna kabetosin, irin wadda take jure zafi, don hana zubar jini a wuraren da ba a iya tabbatar da firji. Amma duk inda oksitosin ce a hannu, ƙa'ida ba ta sauya ba. Kwalbar da aka gani a baje a kan kanta cikin zafi ba abin dogara ba ce.

Haka nan allurar insulin ta masu ciwon sukari. Kafin a buɗe ta wurinta firji ne, bayan an buɗe kuwa ana iya amfani da ita kimanin mako huɗu idan an kiyaye ta daga rana da zafi mai tsanani. A nan dabarar gargajiya tana da amfani. Tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jihar Jigawa har ya sami lambar yabo ta duniya a 2000, tana rage zafi sosai, musamman a lokacin da iska take a bushe. Za ta taimaki majinyacin ƙauye ya tsare kwalbar da yake amfani da ita. Sai dai ba ta kai sanyin firji, don haka ba ta halatta ga ɗan kasuwa ko sito.

Sarƙar sanyi da allurar rigakafi

Babu inda aka fi tsananta ƙa'idar jigila kamar a kan allurar rigakafi. Ma'aikatan lafiya suna kiran tsarin da sunan sarƙar sanyi, domin kamar sarƙa yake, zobe ɗaya ya tsinke duka ta tashi aiki. Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1992, ita take karɓar allurar a babban siton sanyi na ƙasa, ta aika zuwa sito na shiyya, daga nan zuwa siton jiha da yake Yola, sai na ƙaramar hukuma kamar Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu, sai asibitin gunduma. Daga nan ma'aikaci yake zuba ta cikin ɗan akwatin sanyi ya rataya ya nufi ƙauye. A duk waɗannan matakai ana riƙe yawancin alluran tsakanin digiri 2 da 8, ana kuma duba ma'aunin firji sau biyu a rana, safe da yamma, a rubuta a takarda, har ranakun hutu. Da can firji mai aiki da kananzir aka dogara da shi a karkara. Yanzu mai aiki da hasken rana ya maye gurbinsa a wurare da dama, wanda ya rage dogaro da wutar lantarki da janareta.

Tun 1996 aka fara manna wata 'yar alama a jikin kwalbar ɗigon shan inna, daga baya aka faɗaɗa ta zuwa sauran alluran. Alamar da'ira ce mai duhu, da ɗan murabba'i mai haske a tsakiyarta. Duk zafin da kwalbar ta sha, murabba'in yana ƙara duhu, kuma ba ya komawa baya ko an mayar da ita firji. Muddin murabba'in ya fi da'irar haske, ana iya amfani da allurar idan ranarta ba ta wuce ba. Da zarar launinsu ya zo ɗaya, ko murabba'in ya fi duhu, sai a janye ta. Wannan dabara ba ta bukatar ilmin boko, kuma uwa tana da ikon ta roƙi ma'aikaci ya nuna mata alamar kafin a yi wa ɗanta allura. Ma'aikacin da ya san aikinsa ba zai ji haushi ba.

Akwai wani abin da mutane ba su cika sani ba, har da wasu direbobi masu kyakkyawar niyya, watau sanyi ma yana kashe allura. Allurar nan mai haɗi biyar da ake yi wa jarirai, wadda take kare su daga mashaƙo da tarin shiƙa da sauransu, da ta ciwon hanta, da ta sarƙewar haƙora da ake yi wa masu juna biyu, duk idan suka daskare sun lalace har abada. Dalili kuwa shi ne akwai wani sinadari a cikinsu mai taimaka wa jiki ya karɓi rigakafin, ƙanƙara tana sa shi ya dunƙule. Alamar nan ta jikin kwalba kuma zafi kawai take nunawa, ba ruwanta da daskarewa. Saboda haka ba a ɗauko ƙanƙara daga injin daskarewa a jefa cikin akwati nan take. Sai an baje ta a kan tebur har ta fara narkewa, a girgiza a ji motsin ruwa a ciki, sa'an nan a jera ta. Idan ana shakkar wata kwalba ta daskare a hanya, akwai gwajin girgizawa. Ana ɗaukar wata kwalba daga rukuni ɗaya a daskarar da ita da gangan, a bar ta ta narke, a girgiza su biyun tare a ajiye gefe da gefe. Idan wadda ake tuhuma ta kwanta da sauri kamar wadda aka daskarar, to ta tashi daga aiki.

Allurar ƙyanda da ta shawara da ta tarin fuka a gari suke zuwa, ana dama su da ruwansu na musamman a wurin aiki. Bayan awa 6 da damawa, ko kuwa idan an tashi daga aikin ranar, duk abin da ya rage zubarwa ake yi. Tsimin 'yan ɗigo a nan ganganci ne.

Masana suna ta ƙoƙarin sauƙaƙa wannan wahala. Allurar sanƙarau mai suna MenAfriVac, wadda aka fara yi a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, ta iso Nijeriya a 2011, an amince a 2012 cewa za ta iya yin kwana 4 a wajen firji idan zafi bai wuce digiri 40 ba. Wannan rangwame ne da aka bayar bayan gwaji, a kan wannan allura, bisa sharuɗɗa. Kada wani ya ji labarinsa ya yi wa sauran alluran ƙiyasi da shi.

Mota da direba

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin rarraba magani a 2010, ta sabunta su a 2020, Hukumar NAFDAC kuma tana da nata da suka yi daidai da su. Abin da suka ce game da mota ba shi da wuyar fahimta. Ta kasance rufaffiya, mai tsabta, busasshiya, wadda ruwan sama da ƙura da ɓera ba sa shiga. Ba a haɗa magani da fetur ko kananzir ko takin zamani ko maganin feshi, ba a kuma loda shi a motar da ta sauke dabbobi sai an wanke ta sarai. Wannan gargaɗi ya dace da hanyar Mubi musamman, domin tirelolin da suka kai shanu kudu ba sa son su dawo wayam, kuma araharsu takan ruɗi ɗan kasuwa.

Kaya masu bukatar sanyi sai a mota mai firji ko a akwatin sanyi da aka gwada, tare da na'urar da take rubuta zafin cikin kayan tun daga tashi har sauka. Mai karɓa zai duba na'urar kafin ya sa hannu. Sauran magunguna kuwa, a yi lodi da sassafe ko da yamma, kada a ɗora kwali a kan rufin mota ko kusa da inji, in an tsaya cin abinci ko salla a nemi inuwa. Tamfol yana kare ruwa amma yana tara zafi, sai a bar iska ta riƙa ratsawa. A sito kuma ba a ajiye kwali a ƙasa ko a jingine shi da bango, kuma wanda ranarsa ta fi kusa shi ake fara fitarwa, ko da shi ne ya zo daga baya.

Ya kamata masu kaya su gane cewa direba ma'aikacin lafiya ne a wannan tafiya, ko da bai taɓa sa farar riga ba. Wajibi ne a gaya masa abin da ya ɗauko, da abin da zai yi idan mota ta lalace tsakanin Song da Gombi da tsakar rana, da wanda zai kira. Al'adar nan ta miƙa wa yaron mota kwalin allura a tasha a ce ya ba wane in ya isa, ba ta da gurbi a cikin ƙa'ida.

Tsare kaya daga miyagun hannaye

A 1995 annobar sanƙarau ta auka wa Jamhuriyar Nijar. Cikin gudummawar da aka aika daga Nijeriya akwai allurar rigakafi guda 88,000, ɗauke da tambarin sanannun kamfanonin Turai. Likitocin agaji da suke aikin suka lura ba ta narkewa yadda aka saba, aka aika da ita gwaji, sai aka tarar jabu ce, babu sinadarin rigakafi a cikinta. Kafin a gano, an riga an yi wa mutum kimanin 60,000, sun koma gida suna zaton sun tsira. Kayan ya zo ne ta hanyar hukuma, da sunan taimako, kuma duk da haka jabu ta kutsa a wani wuri tsakanin mai yi da mai karɓa. Wannan ne ya sa ƙa'ida ba ta yarda da shaidar baki ko kyan kwali ba, sai takarda da hatimi a kowane mataki.

A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane magani goma a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko maras inganci. A 2023 Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuffuka ya ce a ƙasashen Sahel abin ya kama daga kashi 19 zuwa 50 cikin 100. Garuruwan bakin iyaka su ne suka fi shiga tsaka mai wuya, domin bayan ƙofar hukuma kamar ta Sahuda, akwai ɓarauniyar hanya barkatai a cikin duwatsu.

Wata matsalar kuma ita ce karkatarwa, watau magani na gaskiya ya bar hanyarsa ya faɗa inda bai kamata ba. Maganin da gwamnati ko masu agaji suka bayar kyauta yakan ɓulla a kasuwa. Tiramadol maganin ciwo ne da likita yake rubutawa, kuma ƙarfin da NAFDAC ta amince da shi miligiram 50 ne da 100, amma masu fasa-ƙwauri suna shigo da mai 200 da 225 don masu shaye-shaye. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ta sha ba da sanarwar kama irin wannan kaya a Mubi da hanyoyin da suke shiga cikinta, wani an ɓoye shi cikin kayan abinci ko kayan masarufi. A Mayu 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin bayan an fallasa yadda yake zurarewa daga sito zuwa hannun matasa. Direban da ya karɓi kwali bai san abin da yake ciki ba, ya sani cewa idan aka buɗe a shingen bincike shi za a fara riƙewa, mai kayan kuwa yana can gida.

Matakan tsaron su ne a rufe mota da hatimi mai lamba a wurin lodi, a rubuta lambar a takardar kaya, mai karɓa ya gwada ta da wadda ya gani. Takardar ta nuna sunan magani da yawansa da lambar rukuninsa da ranar ƙarewarsa, da sunan mai aikawa da mai karɓa. Idan an ga hatimi a karye ko lissafi bai cika ba, a keɓe kayan gefe guda, kada a sayar da ko ƙwaya ɗaya sai an bincika. Ba a kuma saye ko sayarwa sai tsakanin waɗanda suke da lasisin Majalisar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Nijeriya.

Amfanin lambar rukuni yana fitowa ne ran da aka ce a janye wani magani. A ƙarshen 2008 maganin haƙoran yara mai suna My Pikin, wanda guba ta shiga cikinsa tun a masana'anta, ya hallaka yara 84 a ƙasar nan. A irin wannan rana tambaya ɗaya ce, ina sauran kwalaben suka tafi? Inda aka ajiye takardu, cikin sa'o'i za a san kantunan da suka karɓa. Inda kaya ya bi ta buɗaɗɗiyar kasuwa aka sayar hannu da hannu, sai dai a yi ta shela a rediyo ana fatan iyaye za su ji.

Wannan ne ya sa gwamnati ta dage a kan kawar da cinikin magani na sari daga buɗaɗɗun kasuwanni zuwa cibiyoyin da hukuma take sa wa ido. A Fabrairu 2024, bayan hukuncin Babbar Kotun Tarayya, an rufe kantuna fiye da 1,000 na masu sarin magani a Sabon Gari da kewayenta a Kano, aka umarce su su koma cibiyar Dangwauro a kan hanyar Zariya. A Fabrairu 2025 NAFDAC ta kai samame kasuwannin magani na Idumota a Legas da Anacha da Aba, inda ta kwashe kaya masu ɗimbin yawa. 'Yan kasuwa sun koka da tsadar shaguna da hasarar ciniki, kuma kukansu abin saurare ne. Amma daga waɗannan kasuwanni ne masu kemis na garuruwa irin su Mubi suka daɗe suna sari, don haka gyaran da aka yi a can shi ne yake isa ga majinyacin da yake Maiha.

Abin da yake hannun mai saye

Dokar hana jabun magunguna ta 1999 ta haramta tallan magani ko sayar da shi a kasuwa da tashar mota da bakin titi da cikin bas ko jirgin ruwa. Wanda ya saɓa yana iya fuskantar tara ko ɗaurin shekara 2, mai safarar jabu kuwa ɗaurin shekara 5 zuwa 15. Faifan magani da yake yawo a ka ranar kasuwa ya karya kusan kowace ƙa'ida da aka ambata a wannan darasi, domin ya sha rana, ba shi da takarda, kuma gobe ba za a ga mai shi ba.

Mai saye ya je kantin da yake da lasisi a rataye. Ya duba lambar rajistar NAFDAC da lambar rukuni da ranar ƙarewa, ya tabbata abin da aka buga a kwali shi ne a jikin faranti ko kwalbar da take ciki. Tun 2010 aka fito da tsarin kankare wani ɗan fili a jikin kwali, a aika lambar da ta bayyana ta saƙon waya kyauta, amsa ta zo nan take ko na gaskiya ne. An fi samunsa a magungunan zazzaɓin cizon sauro da na kashe ƙwayoyin cuta. Sai dai a tuna, amsar tana tabbatar da asalin maganin ne kawai, ba ta san ko ya kwana a rana ba. Don haka idan insulin ce ko oksitosin ko wata allurar sanyi, ya ga an fito da ita daga firji mai aiki, ya kuma kai ta gida ko asibiti ba tare da yada zango ba.

Wanda ya ga maganin da launinsa ko warinsa ya sauya, ko kwalin da aka goge ranarsa aka buga wata, ko maganin kyauta na gwamnati ana sayarwa, kada ya jefar da shi. Ya riƙe kwalin da rasit ɗinsa, ya kai wa mai harhaɗa magunguna na asibiti mafi kusa, ko sashen lafiya na ƙaramar hukumarsa, ko ofishin NAFDAC na jiharsa. Na Jihar Adamawa yana Yola.